Wurin da Ba a Nunawa da Yatsa

Shekara goma sha tara Davou Dachung ya yi yana jera kujeru a wata tsohuwar ƙungiyar masu binciken ƙasa da ke unguwar Bloomsbury a Landan. Shi ke buɗe zaure, shi ke gwada lasifika, shi ke goge ƙurar hotunan Turawan nan masu gashin baki da ke rataye a bango. Bai taɓa tambayar ko su wane ne ba, su ma dai ba su tambaye shi ba. Kullum daga Barking yake shigowa a jirgin ƙasa da kular gwatensa, mutum ne da sai ka matsa masa kafin ka ji muryarsa.

Bana ƙungiyar ta tashi bikin tunawa da wani taro na zamanin mulkin mallaka, lokacin da attajirai suka zauna a wannan zauren suka haɗa kuɗi, suka tura ayari ya kutsa duwatsun Filato. Za a haska taswirar da ayarin ya zana a babban allo, a sa ta a intanet, sannan a nemi gudummawar tura matasa su sake bin sawunsu. Abin nasu na nishaɗi ne, har da kek.

Ran Talata ana gwajin allo, Davou na ɗauke da kujeru biyu, taswirar ta bayyana. Jajayen ɗigo ne birjik, alamar koguna da rijiyoyi. Ya gane rafin ƙauyensu. Ya gane dutsen da ke bayan cocinsu. Sai ya ga ɗigo ɗaya a gindin dutsen, daidai bakin wani kogo.

Kogon nan ba shi da suna a bakin kowa. A ƙauyensu ba a ambatonsa, ba a nuna wajensa da yatsa, sai dai a ce "an tafi wurin kaka". Davou na ɗan shekara shida ya taɓa ɗaga hannu wajen, uwarsa Ngo Kachollom ta make hannun har ya kumbura. Bara kaɗai, sau biyu 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, sau biyu tsohuwar ta rarrafa cikin kogon da jikokinta mata. Abin da ya sa take raye ke nan. Yanzu ga shi za a miƙa wa duk mai waya a duniya.

Kwana biyu gwaten na komawa gida yadda ya zo. Ya yi tunanin faɗa wa sakatariya, sai ya tuna halinta: za ta yi murna, ta sa labarin a cikin jawabi. Tsoro ya ishe shi har wayarsa in ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi.

Ran Alhamis ya sami Zinatu, 'yar Kano mai kula da tsofaffin takardu, wadda hoton taswirar ke hannunta. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar.

"Innalillahi," in ji ta. "Baba Davou, ai gobe da safe za a yi uploading. Ba zan iya goge su duka ba, lacca a kansu take. Amma guda ɗaya zan rufe, in ji da committee daga baya. Wanne ne?"

Ya kau da kai daga hoton.

"Sun fi arba'in, Baba. Sai ka nuna mini."

Ya dube ta. Yarinyar kirki ce, takan kawo masa dambun nama da Sallah. Amma ba 'yar ƙauyensu ba ce, kuma ko matarsa Tina da suka haifi 'ya'ya uku tare bai taɓa nuna wa ba. In ya nuna ya karya abin da ya tsare su tun kaka da kakanni. In bai nuna ba, gobe kowa ya gani.

Ya ɗaga hannun da aka taɓa makewa, ya ɗora yatsa a kan ɗigon.

Zinatu ta shafe wurin da launin dutse. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni ban ga komai ba, Baba."

Aka yi taro lafiya, aka tafa, aka ci kek. Davou ya tattara kujeru, ya san taswirar ta asali tana nan a aljihun tebur da ɗigonta. Da yamma ya kira gida. Ngo Kachollom ta ce an sake jin harbi wajen rafi, wataƙila su tafi wurin kaka.

"Ba wanda ya sani dai ko, ɗana?" ta tambaya, kamar yadda ta saba.

Davou ya dunƙule yatsan cikin tafinsa. "Ba kowa, Ngo."