Mutanen Gumel Sun Hana Mijina Tafiya a Ƙasa

Da aka yi wa mijina aikin rage tumbi, abin da likita ya fi nanatawa shi ne tafiya. Ranar da za a sallame mu ni ya kalla, ya ce, "Hajiya, ni na gama nawa. Idan ya koma gida ya kwanta, jini zai iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa, in gudan ya haura ƙirji kuwa, ba lalle ku iso nan da shi ba. Ya riƙa takawa kullum, ko kaɗan kaɗan ne." Na ce to. A raina na ce wannan ai mai sauƙi ne, ashe ban san garin da aka haife ni ba.

Mijina dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari. Tun kafin aurenmu mai jiki ne, amma daga baya ƙibar ta wuce misali. Ciwon suga ya kama shi, gwiwoyi suka ƙi, salla ta koma a kan kujera. Mutane kuwa sha'awarsa suke yi. Ranar Alhamis da kasuwar ke ci ba a tambayar inda yake a kara, daga nesa ake hango shi. 'Yan Nijar masu kawo shanu sukan tsokane shi su ce ganinsa kaɗai yana kwantar musu da hankali, don mai irin wannan jiki ko ya so gudu da dukiyar mutum ba zai yi nisa ba. Su suna dariya, ni ce nake jin numfashinsa yana yankewa in ya kwanta. Ni ce kuma na matsa har aka yi aikin, saboda haka duk abin da zai biyo baya a wuyana yake.

Muna dawowa Gumel 'yan dubiya suka cika gida. Mai dubiya kuwa so yake ya same ka a kishingiɗe, ya yi maka sannu, ya yi addu'a. Babbar yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta taho daga Ɗanzomo da ƙwaryar fura da kaji biyu, ga mutumin da cokali uku na kunu ke cika masa ciki. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa ta zauna daram. Ranar da na fara riƙo hannunsa muna zaga tsakar gida, sai ta dafe ƙirji.

"Ke! An farke wa mutum ciki, kina yawo da shi kamar akuyar sayarwa?"

"Yaya, likita ne ya ce."

"In ɗinkin ya ɓalle likitan na nan? Ku dai 'yan boko ba ku da tausayi."

Ina da baki, duk unguwa ta sani, amma ba a yi wa yayar miji musu. Sai in jira ta shiga wanka in tashe shi a ɓoye, mu zaga turken awaki sau uku, ya koma ya kwanta kafin ta fito.

Da ɗinkin ya kama, yaya ta koma gida, na ce yanzu sai waje. Ni ba zan iya raka shi ba, don a garinmu mace ba ta jerawa da mijinta a titi, in na yi haka sai an shekara ana zancen. Na zaɓa masa hanya: daga ƙofar gida zuwa tashar mota, ya dawo, bayan la'asar. Ya sa takalmi ya fita. Ban gama wanke kwanuka ba na ji ƙarar babur a ƙofar gida, sai ga shi ya shigo, ko gumi bai yi ba.

"Alhaji, wa ya kawo ka?"

"Telan bakin titi ne. Yana hango ni ya bar keken ɗinki ya fito."

"Ba ka ce masa motsa jiki kake yi ba?"

"Na ce. Ya ce Allah ya kiyaye in taka ƙasa yana da babur."

Washegari mai motar haya ne ya sauke fasinja ya dawo da shi. Rana ta uku ladanin unguwa ne. A wurinmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. In an gan shi yana takawa, ko dai ya karye ne, ko kuma mutanensa ba su san darajarsa ba. Wanda ya tsaya maka da abin hawa kuma ka ƙi, ka ci fuskarsa ke nan. Mijina ya iya barin tuwo, ya iya barin tsire, amma bai iya ce wa mutum a'a ba. Haka nake tsayawa a bayan ƙofa ina jin ana kashe min miji da kirki, kowa kuma sai na aika masa da godiya.

Wata safiya ya ce ƙafarsa ta hagu tana masa nauyi. Na ɗaga wandon, sha-raɓar ta kumbura, na taɓa na ji zafi. Ban san yadda na sa hijabi ba, ban san yadda muka isa asibiti ba, salati kawai nake yi ina riƙe da ƙafar a cinyata. Abin da aka gargaɗe mu ne ya faru, Allah dai ya taƙaita, gudan bai motsa ba. Aka yi masa allurai aka riƙe mu kwanaki. Likitan ya tambaye ni a hankali, "Yana tafiya kuwa?" Na buɗe baki in yi bayani, sai kuka ya zo. Ta yaya zan ce masa babura ne suka hana?

Bayan an sallame mu ba abin da ban gwada ba. Na sa aka riƙa kai mu gonarsa ta hanyar Gagarawa, lokacin gero ya yi tsawo, ba mai ganinmu, muna bin kunyoyin gonar muna takawa. Kwana biyu muka samu. A na uku maƙwabcin gona ya hango mu ya koro amalanke da gudu yana ba da haƙuri, wai bai san Alhaji yana nan ba. Alhaji ya hau. Ni na ƙi, na biyo su a ƙasa ina huci. Da muka isa gida na rufe ƙofa na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba.

"Takaba kake so in zauna saboda kunyar mai amalanke? In ka faɗi, su addu'a za su yi su watse, ni za a bari da 'ya'yanka!"

Ya sunkuyar da kai. Lokacin jikin ya fara zubewa sosai, fata ta saki, manyan rigunansa sun koma kamar na aro. Ƙarfi ma yana tafiya tare da kitsen, tun da ba ya motsawa. Ya daina zuwa Maigatari, ya daina zama a ƙofar gida, ya yi watanni daga ɗaki sai zaure. Ina jin ana raɗe-raɗin mugun ciwo ne, wasu na cewa ni na kai shi aka yanke masa arziki. Ban damu da bakinsu ba. Ƙafar nake dubawa kullum da safe.

Da kaka ta wuce na gaji da lallashi. Na sayo masa 'yar jallabiya daidai jikinsa, na ajiye masa takalmi a gaba, na ce ko ya fita ko in tafi gidanmu. Ya dube ni ya ga da gaske nake, ya fita. Na zauna ina jiran ƙarar babur. Shiru. Rana ta yi ƙasa, har yanzu shiru. Sai tsoro ya kama ni, na ce ya faɗi a hanya, ni ce na kore shi. Na zo zaure na leƙa.

Can na hango shi yana tahowa, a ƙasa, shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa gaban riga. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Na kawo masa ruwa.

"Har tasha, Alhaji?"

"Har tasha."

"Alhamdu lillahi! Yau dai ka iya ce musu a'a."

Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Ban ce wa kowa a'a ba," ya ce. "Babu wanda ya tsaya. A tasha na ga wani da muka yi shekara ashirin muna ciniki a kara. Na yi masa sallama, ya amsa bai ko gane ni ba, ya ce, 'Malam, ɗan matsa in fitar da babur.'"

Hawaye suka gangaro masa. Na so in taya shi, wallahi na so, amma abin da ke cikin zuciyata murna ce, kuma ya gani a fuskata.

"Gobe ma sai na fita?" ya tambaya.

Na ce, "Gobe ma, Alhaji."