Tsohon da Ya Nemi Kukan Gita

Ko da hankalina zai gushe da tsufa, ba na jin zai tafi da wata ranar kasuwa a Karofane. Shekara goma sha ke nan, amma in na tuna sai in ji kamar in nutse ƙasa.

Lokacin ina sabon malamin lekol, wato makarantar boko. Daga Yamai na taho da son kiɗan rok, na tsoffin ƙungiyoyin Turawan nan masu dogon gashi, waɗanda suka yi tashe tun ba a haife ni ba. Ba Ingilishin nake ji sosai ba. Gitar ce ke kashe ni, yadda take farawa a hankali kamar mai lallashi, sannan ta tashi ta yi ta kuka har tsigar jikina ta tashi. Son gaskiya ne, sai dai na haɗa shi da girman kai. Gani nake duk faɗin Adar ni kaɗai ke da kunnen jin wannan abu.

Ran nan ina zaune a rumfar mai shayi tare da wani abokin aikina, na kunna kiɗan a 'yar rediyona mai cin kaset. Sai wani tsoho ya tsaya a bakin rumfa, da buhun albasa a kafaɗa, rigarsa duk ƙasar fadama. Ya sauke buhun, ya yi shiru yana saurare. Da kiɗan ya ƙare ya yi sallama, ya kira ni yadda ake kiran malamin lekol, ya ce, "Mushe, don Allah maido mini shi baya kaɗan, wurin da gita ke kuka ita ɗai."

Maimakon in amsa masa, na juya wurin abokina, na ce da Faransanci tsohon nan ya ɗauka gurmi ne, nan gaba sai ya ce mu sa masa waƙar noma. Na yi dariya, har da tafa hannu.

Tsohon ya dube ni, ba da fushi ba. Ya amsa da Faransanci, wanda ya fi nawa tsabta, ya ce ya san ba gurmi ba ne. Ya faɗi sunan ƙungiyar da sunan mai kaɗa gitar, ya ce akwai wani bugun da suka yi gaban jama'a wanda ya fi wannan tsawo. Ni ban ma san da shi ba. Sannan ya koma Hausa, yadda kowa a rumfar zai ji. Ya ce yana saurayi ya tafi bidar kuɗi Abijan shi da ƙanensa, suna dako a bakin teku. Ƙanen ne ya sayi faifan, kullum shi suke sa wa in sun taso aiki. Can ƙanen ya rasu, can aka binne shi, shi kuma ya dawo gida bai ƙara jin kiɗan ba sai yau.

"Shi ɗai na so in ƙara ji, ɗana," ya ce. Ya ɗauki buhunsa ya shige kasuwa.

Mai shayi ya ɗauke kofina tun ban shanye ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai har yau, ban tashi na bi shi ba. Rediyon na hannuna, taku ashirin ya isa, amma kunya ta danne ni.

Sai da na yi sati uku ina jan ƙafa kafin na tambayi mai shayi garin tsohon, na hau moto, wato babur. Na tarar da shi a garkarsa yana ban ruwa. Na fara ba da haƙuri, ya katse ni da tambayar hanya da lafiyar 'yan lekol, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na kunna masa. Ya rufe ido, yatsunsa masu kaushi suna bin gitar a kan gwiwarsa, ba su kuskure ko sau ɗaya ba. Sau uku muka maimaita. A na ukun ya share fuska da bakin rawani, ya ce ya isa haka.

Da zan tafi ya ɗaura mini albasa a bayan moto, ya yi ta sa mini albarka, wai na taho masa da ƙanensa har gida. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Duk hanya ban iya ɗaga kai ba.

Har yanzu ina sauraron rok, amma na daina ɗaukarsa rigar ado. Na gane ni saninsa na yi, shi kuwa ya rayu da shi. Tun daga ranar, in mutum ya tsaya gabana da tambaya, nakan amsa masa tukuna, don ban san inda ƙafarsa ta taka ba kafin ta kawo shi wurina.