Shanun Jalo Sun Ba da Shaida

Duk wanda ya shiga sabuwar unguwar da ke bayan kasuwar Azare zai ga layuka a miƙe kamar an ja su da igiya, sai guda ɗaya tak da ya karkace kamar bindin kare. Kada ka zagi masu awo. Jalo ne ya lanƙwasa shi.

Jalo Bafulatani ne dogo siriri, in ya tsaya da sandarsa sai ka rasa wane ne ya jingina da wane. A wajen Bulkachuwa aka haife shi, ya biyo kawunsa Azare yana yaro, ya zauna gefen gari da 'yar gona da garke. Magana ba ta dame shi ba, sai in ya ga Babarbare. Nan kam ba ya ragawa, wasan kaka da kakanni ne.

Shekarar da gyaɗa ta yi daraja, motoci suka yawaita, aka ce gari ya matse, za a yanka filaye. Gonar Jalo ce ta fara tafiya, aka nuna masa wata can nesa. Matarsa Dijatu ta yi ta mita. Ya ce, "Ƙasa ta sarki ce. Ya ara mini, ya karɓa."

Sai turakun awo suka hau burtali, hanyar da shanunsa ke bi zuwa tafki. Wurin ya faɗa rabon Kashim, wani Babarbare mai sayen gyaɗa. In aka toshe nan, ko dai shanu su ratsa gonakin mutane, ko Jalo ya kwashe ya bar gari.

Ya iske Kashim yana kafa zana. "Bawana, a kan hanyar iyayengijinka za ka yi gida?"

"Wace hanya, ɗan Fillo? Ku da duk inda saniya ta yi kashi nan ne garinku!"

Aka yi dariya, amma zana ta tsaya.

Jalo ya tafi gaban wakilin sarki, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, an karɓi gona ban ce uffan ba. Amma ƙishirwa ba ta san an yi awo ba."

Wakili ya ce gaskiya ne, burtali ba a kyauta da shi, ko sarki ba ya bayarwa. Kashim ya ce ai babu wani burtali, yawon shanu ne kawai. Aka nemi shaidu. Maƙwabta kuwa kowa an ba shi fili, kowa ya kamu da ciwon mantuwa.

Jalo ya ce, "Ina da shaidu, sai dai ba su iya rantsuwa ba. Gobe a saki shanuna babu makiyayi. In suka watse, na yafe, na tashi."

Washegari da azahar rabin gari ya fito kallo. Jalo ya zauna kusa da wakili, ya miƙa wa Kashim sandarsa. "Riƙe wa ubangidanka." Aka buɗe garke.

Baturiya ce ta fito gaba, wata tsohuwar farar saniya mai girman kai. Saura suka jeru a bayanta. A tsakiyar fili, inda babu ko kara, sai ta yi kwana, duk suka yi kwana. Wani tsoho ya manta yana da mantuwa, ya ce, "Af! Nan ne tsohuwar rijiyar da aka cike!" Wakili ya waiwaya ya dube shi, tsoho ya shiga gyaran rawani.

Da suka isa zanar Kashim, Baturiya ta tsaya, ta sunsuna, ta sa ƙaho ta ɗaga. Da guntun zana a kanta ta isa tafki, kamar mai zuwa biki.

Wakili ya ce a tuge turaku a bi sawun shanu, har kwanar. Aka matsar da Kashim gefe.

Jalo bai sami gonarsa ba, bai kuma sake tambaya ba. Yanzu ya tsufa, Dijatu na sayar da nono a ƙofar Kashim. Kullum garke zai wuce, Jalo sai ya ƙwala kira: "Bawana, fito ka gaida shaidu!"

Kashim kuma daga zaure: "Sai sun biya ni zanata!"