Garson da Aka Kira Matsoraci

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2001, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Laftanar Kanar Zailani Kiyawa mai ritaya a gidansa da ke Dutse, bayan ciwon hanta da ya daɗe yana ɓoye mana. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Bayan azahar muka kai shi Kiyawa, muka kwantar da shi kusa da mahaifinsa.

Zailani, ban yi niyyar rubuta komai ba. Na ajiye alƙalami tun da na gane cewa a ƙasar nan babban amfanin takarda shi ne ƙunshe ƙosai. 'Yarka Mashkura ce ta sa ni. Ranar sadakar uku ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baffa, da gaske ne tsoro ya sa aka cire Baba daga soja?" Wai tun tana firamare ake jifanta da wannan magana, kuma kunya ta hana ta tambayarka. Na kasa ba ta amsa a gaban mutane. Ga amsar nan.

Tare muka yi sakandare a Birnin Kudu, ni ɗan malami, kai ɗan ruga mai karkatacciyar Hausa. Ɗan Garso muke kiranka don tsokana, sai ka zaunar da mu ka yi mana bayani. Garso shi ne mutumin da makiyaya ke turawa gaba kafin garke ya tashi. Ya je ya duba ruwa da ciyawa, ya duba ko akwai tsando, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Mahaifinka ne garson danginku. Ka ce mana in ya dawo ya ce kada a tashi, ba mai ce masa matsoraci, domin shi ne ya taka wurin da ƙafarsa.

A 1992 kana cikin waɗanda aka tura yaƙin Laberiya. Da maganar ƙara sojoji ta taso, aka kira ku hafsoshin da ke fagen daga, aka tambayi ra'ayinku. Kai da wasu kaɗan kuka ce a dakata. Ka ce fadama ce da zazzaɓi, magani bai isa waɗanda ke can ba, kuma ba wanda ya gaya muku inda yaƙin zai tsaya. Da na sama suka ɓata rai, sauran suka janye maganarsu. Kai ka maimaita taka. Ba a daɗe ba aka sallame ka, ka dawo gida da akwati ɗaya.

Lokacin jiharmu sabuwa ce, kowa a Dutse ya zama masanin siyasa. A gindin darbejiyar da muke zama bayan tashi daga ofis, maganarka ta raba majalisa biyu. Alhaji Gwadabe, wanda ke neman kujera a shekarun, ya ce aikin soja bin umarni ne, kuma in ba a ƙara sojoji ba 'yan tawaye za su cinye na can, mutuncin ƙasa ya zube. Ba zan ce maganarsa ba ta da kan gado ba. Ni ban san yaƙi ba, digirina na tarihi bai koya mini komai ba sai yadda ake manta mutane. Abin da ban yafe ba shi ne sunan da ya laƙaba maka, Kanar A-Dawo-Gida, wanda ya bi 'ya'yanka har cikin aji.

Na sha yi maka faɗa ka fito ka kare kanka. Rannan, muna zaune a gonarka ta hanyar Kiyawa, ka ce mini, "Malam, ni garso ne. Na je, na gani, na faɗa. Tashi ko zama na mai garke ne." Kuskurenka ke nan, abokina. Ka ɗauka gwamnati ruga ce, inda ake sauraren wanda ya dawo da taɓo a ƙafa. Kana da taurin kai, kuma ba ka iya sa wa gaskiya riga ba. Amma wannan Gwadaben, ranar sunan jikansa, kai ka fara aika masa ƙwaryar kindirmo. Na yi fushi da kai har kwana biyu.

A maƙabarta na ga Gwadabe a sahun gaba, yanzu ba ya buɗe baki sai da maganar shari'a, yana gaya wa mutane cewa an yi rashin jarumi. Na kau da kai. A can gefe, bayan sahu, wani mutum na tsaye da hula a hannu. Choji ne, mutumin Filato, Kirista, tsohon sojanka, yanzu direba a Dutse. Ya jira aka watse, ya zo yana ɗingishi ya ce mini, "Baba, ranar da harsashi ya same ni a cinya, kowa ya gudu. Oga ne ya dawo cikin ruwan nan, ya saɓa ni a wuya yadda Fulani ke ɗaukar ɗan maraƙi. Ana harbi yana mini faɗa wai na cika nauyi." Shekaru muna zama tare, Zailani, ba ka taɓa gaya mini wannan ba.

To, Mashkura, ki je ki nemi Choji ya nuna miki tabon. Mahaifinki ya ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ya gaya mini abu ɗaya ne ke tsinka masa zuciya: ya yi sallama a ƙofar wata uwa, ta fito da murna tana zaton ɗanta ne ya zo da shi, alhali labarin mutuwarsa ya kawo. Wannan tsoron ne ya sa ya ce a dakata. Ki ɗaga kanki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Adda Bilkisu, da Mashkura da ƙanenta Ziyad, da dukan dangi na Kiyawa da na ruga. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa.

Ka sake riga mu zuwa duba wuri, Ɗan Garso, sai dai wannan karon ba za ka dawo ka faɗa mana ba. Allah Ya sa ka tarar da ruwa da inuwa. Amin.