Kusurwar da Saje Ya Bari Fara

Shekara bakwai ke nan da muka kai Saje Hamisu makwancinsa a nan Riyad. Na so in rubuta muku abin dariya a kansa, domin mutum ne mai barkwanci, amma abin da na gano makon jiya a tsohon ɗakinmu na unguwar Manfuha ya hana ni.

Saje tsohon soja ne. Bayan ya ajiye kaki ya zo gadi a wata masana'antar bututu a Birnin Masana'antu na Biyu, inda nake tuƙa motar ma'aikata. A can ya yi aboki, Ramiro, mai walda ɗan ƙasar Meksiko, shi ma tsohon soja. Ba mai Larabcin kirki a cikinsu, amma sai su cinye lokacin hutu suna nuna wa juna tabon jiki suna ƙyalƙyala dariya.

Wata rana Ramiro ya nuna masa wani ɗan fallen kwano mai zane. Mahaifiyarsa ce ta sa aka zana lokacin da motar sojojinsu ta faɗa kwazazzabo ya fita da rai. Ga motar a kife, ga shi kwance, a kusurwar sama ga waliyyin da suka roƙa, a ƙasa kuma rubutun godiya. Haka mutanensu ke yi, in ji shi, don kada a manta da ranar da aka tsira.

Abin ya shiga ran Saje, don shi ma yana da tasa ranar. A wani aikin kiyaye zaman lafiya kwalekwalensu ya kife a tsakiyar kogi, ga shi bai iya ruwa ba, wata jarka ya rungume har gaɓa. Tun yana cikin ruwan ya yi bakance cewa in ya fita, duk shekara zai ciyar. Bai taɓa saɓawa ba. Duk wanda ya zauna ɗakinmu ya ci shinkafar Saje da naman rago, har ya suɗe hannu.

Sai ya samo fallen kwano da ragowar fenti, ya zana kogin da kwalekwalen da jarkar. Zanen dai ba kyau, na sha tsokanarsa cewa jarkar ta fi kama da agwagwa. A ƙasa ya ɗauki ƙusa ya karta da ajami: Hamisu ya gode. Kusurwar sama kuwa ya bar ta fara. Da Ramiro ya nuna wurin da yatsa, sai Saje ya ce, “Wanda Ya cece ni ba a zana Shi.”

Da ya rasu, Malam Tasi'u, babban ɗakinmu, ya ce mini an haɗa fallen da sauran kayansa an tura gida. Na yarda, na kuma bar unguwar ba da daɗewa ba. Sai a watan jiya Hauwa, 'yar Saje, ta kira ni daga Funtuwa. Ta ce, “Baba Ɗanjuma, zanen da Baba yake ba ni labari, yana wurinka? Ban taɓa ganinsa ba, shi kaɗai nake so.”

Na tafi Manfuha. Bayan mun gaisa na ce, “Malam, ina kwanon Saje?”

Ko kunya bai ji ba. Ya nuna gefen mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, inda bango ya bar kafa. Da fallen suka toshe ta, fuskar zanen tana kallon waje. Ya ce, “Ga shi can yana mana amfani. Hoto a ɗakin Musulmi? Abin wasu ya kwaikwayo, har wurin gunki ya ware, Allah dai Ya yafe masa.”

Da a ce ya gaya wa Saje haka yana raye, da na ce ra'ayinsa ne, malamai ma sun yi saɓani a kan abin da ya fi wannan. Amma shekara da shekaru yana zaune ƙarƙashin zanen nan yana yagar naman rago, bakinsa bai buɗe ba sai da mai abu ya mutu. Kuma yana wannan fatawar ne riƙe da waya, a fuskarta ga hotonsa yana miƙa wa wani lebura kwalin dabino, ya juyo yana murmushi don a gan shi da kyau.

Nakan tambayi kaina me Saje zai ce da wannan zamani, da ba a ba da ko ruwan sha sai an ɗauki hoto. Shi ya zana ranar da ya fi kowa rauni, don ya tuna ba dabararsa ba ce. Mu muna ɗaukar kanmu a ranar da muka fi kowa kyau, mu ce godiya ce. Ina jin tsaki zai ja, ya ce a miƙo masa shayi.

Na ɓanɓare fallen, zafin waje ya bugo cikin ɗakin, ban damu ba. Rana ta cinye kogin, ta cinye kwalekwalen da agwagwar tawa. Duk ya koma fari kamar kusurwar nan. Abin da ya rage shi ne kartar ƙusa: Hamisu ya gode. Na nuna wa Hauwa ta waya, ta ce a kawo mata shi haka nan, kada a sake masa fenti.

Fallen yana hanyar Funtuwa. Ranar Juma'a na dafa shinkafa da rago, sadaka ga Saje. Ramiro ya zo da furfurarsa. Malam Tasi'u ne ya riga kowa isowa, da nasa kwanon a hannu. Bakancen Saje bai taɓa ware kowa ba, don haka na cika masa shi.