Iskar Maƙerar Kailu

A gefen Filinge, inda gidaje ke ƙarewa rairayi ya fara, akwai wata rumfar kara a ƙarƙashin gawo. Maƙerar Kailu ke nan. Wanda ya bi ta wurin da hantsi, kunnensa ke fara isa kafin idonsa.

Uban Kailu maƙeri ne, kakansa ma haka. Abu guda ya fitar da shi daban. Tun yana saurayi ba ya iya wuce yasasshen ƙarfe a hanya. Matacciyar fanka, kan famfo, guntun keke, sai ya tsaya ya ɗauka, ya yi ta juya shi a tafin hannu kamar yana jiran ya faɗa masa abin da yake so ya zama. Da wutar lantarki ta iso unguwarsu, wadda mutanen nan ke kira kuran, sai ya fara tara moter, ɗan injin nan mai juya sanda in an ba shi wuta. Da ɗaya ya haɗa dutsen wasa wuƙa, da wani ya haɗa abin huda ƙarfe. Ba shi da yawan magana. Yakan ɗaga masaba ya manta da ita a sama, idonsa a kan duwatsun da ke bayan gari, har sai an yi masa gyaran murya.

Mai gyaran muryar nan kuwa Manzo ne, taubashinsa, ɗan kawunsa, kuma mai yi masa zuga. Tun gemunsu bai fito ba Manzo ke zama a hagun wuta, zugazugin fatar akuya a ƙarƙashin tafukansa. Bai taɓa tambaya yaya ake son wuta ba. Kafaɗar Kailu yake kallo. In ta sauka sai ya sassauta, wuta ta kwanta ta yi ja kamar mai barci. In ta ɗaga sai ya ƙara hannu, gawayin ƙirya ya yi fari. Bakin lauje iska kaɗan yake so. Gatari kuwa sai an yi masa da gaske.

Manoman Kurfai, ƙasar da Filinge take ciki, suna da tsohuwar al'ada da wannan maƙera. Da bazara su kawo hauya da sungumi a gyara musu, ba a zancen komai. Da kaka jakuna su biyo da gero, akwai damin masaba, akwai damin zuga. Na masaba ya shiga rumbun Kailu, na zuga ya shiga na Manzo.

Wata safiya bayan an gama kaka, Manzo ya tashi, hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba. Aka kai shi wurin likita, aka dawo da shi. A hankali baki ya daidaita, magana ta dawo, zagi ma ya dawo. Ƙafar dama tana jan ƙasa, hannun kuwa ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba. Zuga kuma hannu biyu take so.

Duk da haka kullum yakan dogara sanda ya zo ya zauna a mazauninsa. Kailu ya riƙa zuga wa kansa, ya tashi ya buga, ya koma ya zuga. Manzo yana kallo. Kallon nan ne Kailu ya kasa ɗauka.

Sai ya shiga bayan rumfa ya tono moter wani tsohon famfon ruwa. Ya yanka masa fikafikai daga gwangwani, ya rufe su cikin gindin tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya jawo bututu har bakin wuta. Ran da ya gama, ya fito da abin yana murmushi.

"Taubashi, ka huta hakanan. Ga wanda za shi ɗauke maka."

Manzo ya dubi tukunyar ya daɗe.

"Wanga shi ne sabon ɗan kawun naka? Kun yi kama, wallahi. Baki ɗai ya hi naka kyau."

Aka ba ta wuta. Ta kwarma ihu, toka ta tashi har rufin kara, gawayi ya yi fari fat. Kailu ya sa bakin lauje, ya juya ya ɗauki awartaki, kafin ya juyo ƙarfen yana tartsatsi, gefensa ya cinye kamar gara ta bi shi. Moter ɗin gudu ɗaya ya sani. Ko lauje ko gatari, duk ɗaya ne a wurinsa.

Kailu ya shiga neman yadda zai rage masa gudu. Ya samo abin murɗawa na fankar rufi ya haɗa masa. Da ya murɗa ƙasa, moter ya yi gurnani, ya kama rawar jiki, ya ƙi juyawa, ya yi zafi har wari ya cika rumfa. Ya sassaƙa faifan itace, babba da ƙarami, ya yanko igiyar roba daga tsohuwar taya. In igiyar tana kan wannan faifai iska ta ragu, in tana kan wancan ta ƙaru. Amma sai an tsaida komai kafin a sauya, kafin nan ƙarfe ya huce. Daga baya ya yi wa bututun ƙofar gwangwani, a zuge a buɗe da hannu ɗaya, ya turo igiyarta gaban Manzo.

"Ni?" in ji Manzo. "Da tsuhwana in koma mai gadin ƙohwa? Kai, ko wutar kana ji cikin wanga kuka?"

Gaskiya ce. Tun da tukunyar ta fara ihu, Kailu bai sake jin numfashin wuta ba. Ya saba da shi har bai san yana jinsa ba, sai da ya ɓace.

Bazara ta shigo. Manoma suka fara jingina hauyoyinsu a jikin gawo. Wata azahar, kuran ya ɗauke, rumfar ta yi shiru, sai Manzo ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Haske ta aiko. Ta ce in tahi wurinta Damana. Ran kasuwa ta nan tahe."

Haske 'yarsa ce, can take aure.

"Mi za ka yi Damana?"

"Abin da nike yi nan. Zama."

"Daminka na nan, Manzo. Ba mai taɓa shi."

"Damin zuga na mai zuga ne. Ka kai ma tukunyarka ta ci."

Manzo bai yi dariya ba, wannan karon. Kailu ya san irin zaman da tsoho ke yi a zauren suruki. A gaishe shi da ladabi, a kawo masa fura, a wuce. Ya kuma san don ya sauƙaƙa wa mutumin nan ya haɗa tukunyar, ita ce kuma ta nuna masa hanya. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe ya yi ta juya shi.

Washegari ya kai wandonsa da tartsatsi ya huda wurin Latifa, tela ce a bakin kasuwa. Keken ɗinkinta baƙi ne irin na dā, amma an ɗaura masa ɗan moter a baya, bai fi dunƙulen hannu ba. Kailu ya jingina da ƙofa yana jira. Zafi ya kwantar da gari, ko akuya ba ta motsi. Keken na tafiya a hankali, tik, tik, tik, sai ya saki gudu kamar ruwa a kan kwano, sai ya lafa a kwanar aljihu, ya sake ɗauka. Idon Kailu ya lumshe. Ya ga kamar Manzo yana hagun wuta, fatar akuya tana tashi tana sauka. Da ya buɗe ido sai ya lura hannayen Latifa duka biyu suna kan yadi. Ya duba ƙasa. Ƙafarta ce a kan wata 'yar feda baƙa mai waya, babban yatsa yana dannawa yana ɗagawa.

"Baba Kailu, lahiya?" Latifa ta janye ƙafarta cikin zane. "Wando ka kawo ko ƙahwata ka zo gani?"

"Ɗiyata, sake yi. Sannu-sannu tukuna."

Ta yi dariya ta danna kaɗan. Allura ta taka kamar hawainiya.

"To ƙara."

Ta ƙara. Ya tsuguna, tsoho da shi, har kunnensa ya kusa taɓa moter ɗin. Babu gurnani, babu rawar jiki. Irin wannan daban yake da na famfo, ana ba shi wuta kaɗan ya yi tafiya kaɗan.

Ashe tana da wani moter a kwali, da fedarsa, ya daina aiki tun bara. Ta ce ya ɗauka, in ya so ya wasa mata almakashi. Ya fita da kwalin a hammata. Wandon sai aika masa ta yi.

Ya buɗe moter ɗin ya share, ya sauya abin da ya cinye a ciki. Ɗan ƙarami ne, ba zai iya da manyan fikafikai ba, don haka ya yanka wasu marasa nauyi daga murfin tukunyar alminiyam. Ya gwada da ƙafarsa sau ɗaya, ya ga toka ta motsa kamar an hura ta da baki. Bai faɗa wa kowa ba.

Ran kasuwa Manzo ya zo da hantsi, sanye da rigar fita, ya zauna a mazauninsa don sallama. Can Haske ta iso da ƙunshin kayansa a ka, tabarma a naɗe a sama. Ta durƙusa ta gaida Kailu.

"Baba, motar Damana ta kusa cika. Direba ya ce ba shi jira."

"To," in ji Kailu.

Akwai wani manomi daga Sanam zaune yana jiran laujensa. Kailu ya sa laujen a wuta. Ya sa ƙafa ya tura fedar a hankali cikin rairayi har ta taɓa ƙafar Manzo ta hagu, mai lafiyar. Sannan ya juya baya, ya riƙe awartaki, ya tsaya.

Wuta ta yi ta lumshewa. Manomin ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Mi ne ne wanga kuma?" in ji Manzo. "Kunkuru?"

Kailu bai juyo ba.

Manzo ya ɗora ƙafa ya taka, irin takun da ake yi wa kunama. Iska ta fashe, toka ta turnuƙe, manomin Sanam ya yi baya yana kaɗe rawani.

"Haba, taubashi!" Kailu ya ce yana tari. "Da ƙahwa ma hannunka nauyi gare shi."

"Rufe mani baki. Wa ya koya maka riƙon awartaki?"

Ya sake takawa, ya yi yawa. Ya ɗaga, ta mutu. Ya tsuke baki, ya cire takalmin ya ture shi gefe, ya ɗora tafin ƙafa tsirara. Babban yatsa ya nemi wuri ya samu. Moter ya fara wani siririn sauti kamar ƙudan zuma a nesa, a ƙarƙashinsa kuma ga wuta tana numfashi. Kailu ya ji ta. Bai san sanda kafaɗarsa ta sauka ba, sai dai ya ga garwashi ya kwanta ya yi ja. Ya ɗan ɗaga ta, wutar ta tashi zaune. Ya zaro laujen, launinsa daidai, ya kai kan uwar maƙera. Yana bugu, iskar na lafawa tana jiransa.

Haske na tsaye da kaya a ka. Daga wajen kasuwa ana ta danna ham.

"Baba," ta ce a hankali.

Manzo bai ɗauke ido daga kafaɗar Kailu ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigar fitar.

"Wanga abu santsi gare shi," ya ce. "Sai an naɗa mashi hwata. Kuma ya yi mani nisa, ƙahwata ba ta raƙumi ba ce."

Kailu ya miƙa ƙafa ya matso da ita kaɗan.

"Baba, motar."

"Na ji, ɗiyata. Ki gaida mai gidanki, ki ce mashi hauyoyi sun taru. In an yi kaka ni zo in gan ku, da gerona." Ya danna, wuta ta amsa. "Sauke kayan nan, wuyanki ya gaji. Ki shimhiɗa ma baƙon Sanam tabarmar, tun ɗazu bisa ƙasa shike."

Haske ta dubi Kailu. Shi kuwa ya ɗaga masaba, idonsa ya tafi can wajen duwatsu. Ta sauke ƙunshin a gindin gawo, ta fara kwance igiyar.