Ruwan Gidan Makoki

Jiya na ci karo da baƙar tukunyar da kakata take tafasa ruwan sha a ciki. Tun da zazzaɓin taifot ya kashe autanta, ba ta ƙara shan ɗanyen ruwa ba.

Ranar da na raka ta ta'aziyya wani ƙauye a Roni, aka kawo mana ruwan kududdufi a ƙwarya, jawur, yana warin laka. Na raɗa mata, "Kaka, kada ki sha."

Ta ce, "Haba yarinya, a kunyata mai makoki?" Ta kafa kai ta shanye.

Bayan sati uku taifot ya huda mata hanji, zaman makoki ya dawo gidanmu.

Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, Kaka.